Kumburi a Likitance

Kumburi shi ne tasowar wani sashe na jiki fiye da yadda aka san shi, ko don ruwa ya taru, ko jiki na faɗa da wata cuta, ko kuma ƙwayoyin halitta sun yi ta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. A wurin likita alama ce ta ciwo, don haka abin da ake fara nema shi ne musabbabinsa.

Tarihi

Wani tsohon rubutun likitanci na Masar, wanda ake kyautata zaton an kwafe shi wajen shekara ta 1600 kafin Miladiyya daga wani da ya girme shi, ya siffanta wani kumburi mai tauri a ƙirji, ya ce ba shi da magani. A ƙarni na 1 Miladiyya, marubucin Rum Celsus ya lissafa alamomi huɗu na wurin da ya harbu: ja, kumburi, zafi da raɗaɗi. Kalmar Latin da ya yi amfani da ita, tumor, a zamaninsa ta haɗe kowane irin kumburi, tun daga maruru har ciwon daji. Daga baya an ƙara alama ta biyar, wato gaɓa ta kasa aiki. Wasu na jingina ta ga Galen, tsohon likitan Girka, wasu ga Rudolf Virchow, kuma ba a daidaita ba.

Virchow ɗin, Bajamushe, shi ne a 1858 ya yaɗa ra'ayin cewa kowace ƙwayar halitta daga wata take fitowa. Da aka dinga duba nama a ƙarƙashin madubin likita, sai ma'anar kalmar tumor ta yi ta tsukewa, har ta koma tana nufin sabon tsiro kaɗai, abin da Bahaushe ke kira ƙari. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a Uganda, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yara, wanda aka tabbatar daji ne, kuma ana samunsa a Nijeriya ma.

Ire-irensa

Hausa ta rarrabe su tun da daɗewa: maƙoƙo a wuya, kaluluwa a hammata ko matse-matsi, hangum a kumatu, gwaiwa a maraina, tundurmi a ƙafa. Mara lafiya a Jos dai yakan ce wa likita "ƙafata ta kumbura" ne kawai. Likitan sai ya danna babban yatsa a ƙwauri na ɗan lokaci, ya ɗaga. Idan gurbin yatsan ya zauna, ruwa ne, kuma hankali zai koma kan zuciya, ƙoda ko hanta, a yara kuwa har da tamowa. Mai ciki da fuskarta da hannayenta suka kumbura, ga hawan jini, ana yi mata tsoron jijjiga.

Tundurmi tsutsa ce ke kawo shi, sauro ke yaɗa ta, tana toshe hanyoyin ruwan jiki. Filato da Nasarawa sun sha fama da shi. Bayan shekaru ana raba magungunan ivermectin da albendazole gari-gari tare da gidajen sauro, Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ta sanar a 2017 cewa an daƙile cutar a jihohin biyu. Waɗanda ƙafarsu ta riga ta kumbura kuwa, sai kula da tsafta.

Maƙoƙo yawanci ƙarancin sinadarin aidin ne, dalilin da ya sa ake zuba shi a gishiri.

Ƙari

Akwai wanda ke zama wuri ɗaya, kamar ƙarin mahaifa da ƙullutun kitse, akwai mai yaɗuwa, shi ne daji ko sankara. Ido ko taɓawa ba sa rabe su da tabbaci; sai an yanki ɗan nama an gwada, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙasa na Abuja. Sakiyar wanzami takan fitar da mugunya daga maruru, amma a kan ƙari jinkiri kawai take jawowa, musamman da yake ƙullutun daji a nono sau da yawa ba ya ciwo da farko.