Yiju Aidin (waƙar A'isha Falatiya)

Yiju Aidin waƙa ce ta Larabcin Sudan wadda A'isha Musa Ahmad, da aka fi sani da A'isha Falatiya, ta shahara da ita a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Sunan waƙar fata ne, wato Allah ya dawo da su, kuma ana nufin sojojin Rundunar Tsaron Sudan da aka tura fagen daga. Tana cikin waƙoƙin da aka fi tunawa da mawaƙiyar da su har yau.

Mawaƙiyar

A Kasala aka haifi A'isha, kusa da iyakar Iritiriya. Iyayenta mutanen Sakkwato ne da suka fito da niyyar aikin hajji, suka yada zango a Sudan, zango ya zama gida, kamar dubban Hausawa da Fulani da ake kira Fallata ko 'yan takari. Mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta malami ne Bafulatani mai makarantar allo a Umdurman, kuma a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Masu tarihinta suna danganta tsabtar lafazinta da wannan karatu. Tun tana yarinya ta fara waƙa a gidajen biki. Malam bai so ba, ya aurar da ita don ta daina, auren bai daɗe ba, ta koma kan sana'arta. A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai na Masar ya kai ta Alƙahira aka naɗi muryarta.

Abin da ya haifar da waƙar

A ranar 4 ga Yulin 1940 sojojin Italiya suka tsallako daga Iritiriya suka kama Kasala, garin da aka binne cibiyar mawaƙiyar. A Janairun 1941 aka ƙwato garin, aka bi Italiyawa cikin duwatsu har garin Karan na Iritiriya, inda hanyar Asmara ta ratsa wani matsatsin kwazazzabo da suka toshe, suka kafa igwa a kan tsaunuka. Daga farkon Fabrairu har 27 ga Maris ana gwabzawa kafin garin ya faɗi. Asmara ta bi baya a ranar 1 ga Afrilu. Janar William Platt, wanda shi ne babban kwamandan rundunar Sudan, ya jagoranci yaƙin, mafi yawan mayaƙan kuwa na rundunonin Indiya ne da na Ingila, tare da 'yan Sudan. A daidai wannan lokaci sojojin Nijeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, suna yaƙar Italiyawan ta kudu, daga Magadishu zuwa Harar.

Waƙar ta ambaci waɗanda suka ci Karan, ta ambaci hafsoshin sashen injiniyoyi, da mota mai sulke, da bindigar Maksim. Sai dai ba kirarin yaƙi ba ce. Muryar cikinta ta mai jiran gida ce: uwa, ko mata, ko budurwar da aka sa wa rana, kuma amshin addu'a ce da ake ta maimaitawa. A nan ƙarfinta yake. Yaƙin na Turawan mulkin mallaka ne, amma 'ya'yan da ke mutuwa a cikinsa na mutane ne, kuma waƙar ta tsaya a gefen mutanen. A'isha ta taso ne cikin salon waƙoƙin 'yan mata na birni da kiɗan tumtum, mai gajerun baitoci da amshi mai sauƙin kamawa, wanda mata ke yi da tafi da gangar dalluka. Saboda haka duk macen da ta ji amshin sau ɗaya za ta iya ɗauka ta kai gida.

Yaɗuwarta

A wancan zamani babu jadawalin da ke jera waƙoƙi bisa yawan ciniki a Sudan. Ana gane waƙa ta karɓu ne idan masu gidajen gahawa suna yawan ɗora faifan mawaƙi a garmaho, idan rediyo ya riƙa maimaita ta, idan kuma ta shiga bakin mata a wajen biki. Gidan rediyon Umdurman ya fara aiki a 1940 daga ginin gidan waya, da shirin rabin sa'a a rana, mutane na taruwa a fili gaban lasifika don jin labarin yaƙi. A 1942 A'isha ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a wannan gida, 'yar'uwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu, wato garayar Larabawa. Masu sauraro sun yi na'am, amma wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan don an shigo da mace. Ga tsangwamar asali kuma, har ta kai ta yi tunanin tattarawa ta koma Nijeriya.

Ba a rediyo ta tsaya ba. Ta bi sojojin har sansanoninsu a gabashin Afirka da arewacinta tana yi musu waƙa, abin da ba kowace mace ta wancan lokaci za ta yi ƙarfin halinsa ba.

Bayan yaƙi ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi sama da 150, aka kuma san ta a Masar. Ciwon suga ya matsa mata a ƙarshen rayuwa har aka yanke mata ƙafa ɗaya. Ta rasu a Umdurman a ranar 24 ga Fabrairun 1974.