Ma'anar "Sinadarai Masu Tasiri a Jiki" da Abin da 'Ya'yan Kuka Suka Ƙunsa

A 'yan shekarun nan, duk wanda yake bibiyar tallan kayan ƙarin lafiya zai ci karo da maganar cewa kaya kaza yana ɗauke da "sinadarai masu tasiri a jiki", waɗanda masana kimiyyar abinci suke kira bayo'aktif. Abin da ake nufi shi ne wasu sinadarai da ake samu kaɗan-kaɗan a cikin tsirrai, waɗanda ba su ne suke ba mutum ƙarfi ko gina masa tsoka ba, amma idan suka shiga jiki suna iya sauya yadda wasu ayyukansa suke gudana, kamar saurin narkewar sitaci a hanji ko yadda ƙwayoyin halitta suke jure lalacewa. Bambancinsu da sinadaran gina jiki a fili yake. Wanda ya yi watanni bai sami bitamin C ba, dasashinsa zai kumbura ya riƙa zubar da jini, raunukansa su ƙi warkewa, kuma da zarar an ba shi sinadarin sai ya samu sauƙi. Babu wata cuta sananniya da take kama mutum don kawai bai ci folifenol ba, ko da yake folifenol shi ne rukuni mafi shahara a cikin waɗannan sinadarai.

'Ya'yan kuka sun dace da wannan bayani domin sun haɗa nau'o'in biyu a cikin ɓawo ɗaya. A ƙasar Hausa an fi sanin kuka da ganyenta, wanda ake shanyawa a daka don miya, 'ya'yan kuma a bar wa yara su fasa da dutse su tsotsa. Idan aka fasa ɓawon nan mai tauri, za a tarar da fararen dunƙule-dunƙule busassu kamar alli, kowanne ya lulluɓe ƙwaya guda, ga jajayen zaruruwa sun ratsa tsakaninsu. Ba shanya su aka yi ba, tun a kan bishiya suke bushewa, kuma wannan ne ya sa suke daɗewa ba su lalace ba. Mata sukan sussuka su a turmi a hankali don kada ƙwayar ta fashe, su tankaɗe da rariya, sai a sami garin nan mai tsami da ake kira kwalba da nono, wanda masu tallan nono suka daɗe suna kaurara nononsu da shi.

Ta fuskar gina jiki, darajar garin ba abar jayayya ba ce. Kusan rabin nauyinsa harza ce, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, kuma kaso mai yawa na harzar fektin ne, wanda shi yake sa ruwa ya yi kauri idan aka dama garin. Yana da kalsiyam da fotasiyam masu yawa, amma furotin da mai kaɗan ne a cikinsa. Bitamin C ɗinsa kuwa yakan kama daga kimanin miligiram 150 zuwa 500 a kowane giram 100, gwargwadon bishiyar da aka ɗebo shi, alhali lemon zaƙi yana da kimanin miligiram 50. A nan ne masu talla suke samun abin kambamawa, su ce kuka ta ninka lemo sau shida. Lissafin bai yi ƙarya ba, sai dai an kwatanta busasshen gari ne da ɗan itacen da yawancinsa ruwa ne. Mutum yana shanye lemo guda a zama ɗaya, amma garin kuka cokali ɗaya ko biyu yake zubawa, don haka abin da yake shiga cikinsa daga ɓangarorin biyu bai yi nisa da juna ba.

Idan aka koma kan sinadarai masu tasiri, garin yana ɗauke da folifenol iri-iri, musamman firosayanidin da efikatekin, dangin waɗanda ake samu a koko da ganyen shayi. A cikin kwalbar gwaji, waɗannan sinadarai suna hana iskar oksijin lalata wasu abubuwa, shi ya sa ake yi musu laƙabi da antiyoksidan. Matsalar ita ce kwalbar gwaji ba ta da hanji da hanta. Kaso kaɗan na folifenol ne yake ratsa bangon hanji ya shiga jini, wanda ya shiga ma hanta tana sauya masa kama, sauran kuma ƙananan halittu irin bakteriya da suke zaune a babban hanji ne suke sarrafa shi. Irin wannan dalili ne ya sa a shekarar 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalin da take jera abinci bisa ƙarfin antiyoksidan, bayan ta lura cewa kamfanoni suna amfani da alƙaluman wajen tallan da ba shi da madogara.

Wannan ba ya nufin tasirin tatsuniya ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Oxford Brookes ta Ingila sun gano cewa haɗa tsantsar 'ya'yan kuka da farin burodi yana rage saurin narkewar sitaci, kuma shan ta tare da burodin yana rage hauhawar suga a jini bayan an ci. Mutane ƙalilan ne aka gwada, kuma masu lafiya ne, saboda haka mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti ya koma shan kwalba da nono ya yi ganganci da ransa.

Kalmar "tasiri" kuma ba ta yi alkawarin alheri kullum ba. Wasu folifenol, irin tanin da yake sa shayi ɗaci, suna riƙe sinadarin ƙarfe su hana hanji tsotse shi, yayin da bitamin C yake taimaka wa jiki ya tsotse ƙarfen da yake cikin gero da wake. Duka biyun suna cikin garin kuka, kowanne yana ja ta nasa ɓangaren.

Tarayyar Turai ta halatta sayar da garin a matsayin sabon abinci a 2008, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta biyo baya a 2009, kuma tun daga lokacin ake fitar da shi daga ƙasashe irin su Senegal da Malawi da Zimbabwe. Ga mai amfani da shi a gida, abin lura shi ne zafi da iska da haske suna lalata bitamin C, don haka ya fi kyau a adana garin a mazubi mai murfi, a kuma zuba shi a kunu bayan an sauke ya ɗan huce, maimakon a tafasa su tare.