Kyamara ta ƙi kunnuwa: tambayoyi da amsoshi ga masu ɗaukar hoto

Masu ɗaukar hoto a Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yauri suna aiki ne a tsakanin zafin bazara da ƙurar hunturu da damshin damina, ga kuma wutar lantarki da ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana iya hana kyamara kunnuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi idan hakan ta faru. An jera su daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da sai an kai wa mai gyara, domin galibin kyamarorin da ake cewa sun mutu ba su mutu ba, wuta ce kawai ba ta isa gare su ba.

Na murɗa makunni, babu haske kuma babu motsi. Kyamarar ta lalace ke nan?

Ba lallai ba ne, kuma bai kamata a yanke wannan hukunci ba kafin a gwada ta da wani batirin da aka tabbatar yana aiki. Wannan gwaji shi ne ya fi kowanne muhimmanci, domin yana raba matsalar gida biyu nan take. Idan abokin sana'arka yana da kyamara mai batiri irin naka, ka ari nasa ka saka a taka, sannan ka saka naka a tasa. Idan taka ta kama da batirinsa, laifin yana wurin batirinka ko cajarka. Idan kuwa tasa ta kama da batirinka amma taka ta ƙi nasa, sai a koma binciken jikin kyamarar. Samun na aro ba ya wuya, tunda batiri ɗaya yana shiga kyamarori da yawa: LP-E10 na kamfanin Canon yana aiki a 1100D da 1200D da 1300D da 2000D da 4000D, EN-EL14 na Nikon kuma yana aiki a D3100 da D3200 da D5100 da wasu danginsu.

Kafin wannan ma, a duba ko kyamarar a kunne take allon ne kawai ya ɗauke, domin akwai maɓallin da ke kashe allo, kuma a wasu kyamarori idan datti ya rufe ƴar na'urar da ke gane an kanga ido a maleƙa, wato ƴar tagar da ake leƙawa don saita hoto, allon yakan zauna a kashe. A latsa maɓallin ɗaukar hoto rabi a saurara ko za a ji motsi.

Amma batirin ya kwana a kan caja, ta yaya za a ce babu wuta a cikinsa?

Kwana a kan caja ba shi ne shaidar cewa batiri ya sha wuta ba. Mai yiwuwa an ɗauke wuta da tsakar dare, ko soket ɗin ya saki, ko wayar cajar ta tsinke daga ciki ba tare da an gani a waje ba. Fitilar caja ita ce ke ba da labari, saboda haka ya dace mai kyamara ya san yarenta. Cajar Canon mai lamba LC-E6, alal misali, tana ƙyafta haske mai launin ruwan lemo sau ɗaya idan cajin bai kai rabi ba, sau biyu idan ya wuce kashi 50, sau uku idan ya wuce kashi 75, sannan ta tsaya a kore idan ya cika, kuma batirin da ya ƙare ƙaf yakan ɗauki kimanin awa biyu da rabi. Idan fitilar tana ƙyaftawa da sauri babu tsari, ko ta koma kore cikin ƴan mintoci alhali batirin fanko ne, akwai matsala a batirin ko a cajar.

Yawancin cajojin asali an yi su ne su karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta ba ta cika cutar da su ba. Abin da ke ƙona su shi ne tashin wuta farat ɗaya, kamar lokacin da aka dawo da ita ko lokacin da ƙaramin janareta ke sama da ƙasa. Ya fi kyau a bari janareta ya daidaita kafin a jona caja, a kuma cire ta kafin a kashe shi. Masu kyamarorin da ake yi wa caji ta wayar USB su gwada wata wayar da wani kan cajar, domin wasu kyamarorin ba sa karɓar caji daga kan caja mai ƙaramin ƙarfi.

Ta yaya zan tabbatar batirin ne ya mutu?

Da ido da kuma mitar auna ƙarfin wuta. Batirin da ya kumbura, wanda ke shiga da ƙyar ko kuma ba ya fitowa sai an ja shi, ya gama aiki, kuma ci gaba da yi masa caji haɗari ne domin batirin litiyam yana iya kamawa da wuta. A ɗora shi a kan tebur mai santsi, idan yana lilo maimakon ya kwanta daram, ya fara kumbura.

Mita kuwa ana samunta wurin kowane mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola. Batirin da aka rubuta wa bolt 7.2 ko 7.4 ƙwayoyi biyu ne a cikinsa, kuma idan ya cika yakan nuna kusan 8.4, na ƙananan kyamarori mai bolt 3.6 ko 3.7 kuma yakan nuna kusan 4.2. Idan babban ya nuna ƙasa da 6 bayan an yi masa caji, ko ya nuna sifili, ko dai ƙwayoyin sun mutu ko kuma na'urar kariya da ke cikinsa ta yanke wuta. Wannan yana yawan faruwa ga kyamarar da aka ajiye watanni da batirin a ciki, domin ko a kashe take tana ɗan shan wuta har batirin ya faɗi ƙasa da iyakarsa. Wani lokaci barinsa a kan cajar asali na tsawon awa ɗaya ko biyu yana farfaɗo da shi. Abin da ba a so shi ne dabarar da wasu ke yi ta taɓa masa wayoyi daga wani babban batiri don a "tashe shi", domin ba a san adadin wutar da ke shiga ba. Akwai kuma batirin da mita ke nuna lafiyarsa lau amma da kyamara ta nemi wuta sai ya durƙushe, shi ya sa gwajin musaya da na abokin aiki ya fi mita tabbaci.

Kyamarata batirin AA take ci, na saka sababbi amma ta ƙi.

A nan kusan kullum irin batirin ne matsalar. Batirin tocila mai arha da ake sayarwa a teburin mai shago yana iya riƙe rediyo kwanaki, amma ba shi da ƙarfin ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya, wadda kyamara ke buƙata don tura idonta, wato gilashin gaba da ke ɗaukar hoto, waje da haska allo da cika filasha. Sai a ga ta yi yunƙurin kunnuwa ta mutu, ko ta ƙi motsi sam. A nemi batirin alkalin mai kyau, ko mafi kyau ma masu caji na NiMH, waɗanda aka rubuta wa bolt 1.2 amma sun fi jure aikin kyamara. Kada a haɗa tsoho da sabo, kuma a tabbatar kowanne kansa yana fuskantar inda aka zana.

Batirin lafiyarsa ƙalau, an gwada shi a wata kyamarar. Sai me kuma?

Sai murfi. Mutane da yawa ba su san cewa kyamarori da dama, musamman na Canon, suna da wani ɗan ƙaramin makunni a bakin murfin batiri da na katin ajiyar hotuna ba. Idan aka rufe murfin, wani ɗan haƙorin roba da ke jikinsa ne ke danna makunnin, sannan kyamara ta yarda ta karɓi wuta. An yi haka ne don kada a zare kati ko batiri ana cikin rubuta hoto. Idan haƙorin ya karye sakamakon faɗuwa, ko murfin ya saki, ko ƙura ta cushe ramin, kyamarar za ta yi shiru tamkar babu batiri a cikinta. A buɗe murfin a duba da tocila, a rufe shi har a ji ya ce ƙas, sannan a danne shi da babban yatsa a murɗa makunni. Idan ta kama yayin da aka danne, an gano ciwon, kuma maganinsa sabon murfi ne, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin buɗe kyamara.

Daga nan a duba ƴan ƙarafunan da batiri ke taɓawa a can cikin raminsa. Gumin hannu da ƙura da damshi suna barin datti a kansu, batirin AA da ya zubo kuma yana barin wani farin gari ko tsanwan tsatsa. A goge su da auduga busasshiya ko wadda aka ɗan jiƙa da sifirit, a bari su bushe sarai. A lura kuma ko ɗaya daga cikinsu ya lanƙwashe ko ya nutse bai dawo ba.

Katin ajiya ko idon kyamara na iya hana ta kunnuwa?

Suna iya. Katin da ya lalace yakan sa kyamara ta maƙale tun tana farawa, kuma a tsofaffin kyamarori masu katin CF, wanda ke zama a kan ƴan allurai 50, idan allura ɗaya ta lanƙwashe ta taɓa ƴar'uwarta, wuta takan haɗu ta hana komai aiki. Hanyar ganewa ita ce a tuɓe kyamarar: a cire kati, a cire ido idan mai cirewa ne, a cire filashar sama da mariƙin ƙarin batiri da duk wata waya, a cire batirin a bar ta mintoci kamar goma, sannan a mayar da batirin shi kaɗai. Idan ta kama, sai a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda ke kashe ta. Idan katin ne, kada a yi gaggawar goge shi, a fara kwashe hotunan mutane a kwamfuta.

Tana kunnuwa, idon ya fara fitowa, sai ya tsaya ta mutu.

Wannan ciwon ƙananan kyamarori ne masu ido mai fita da komawa, kuma lokacin hunturu ya fi yawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina. Ƙwayar yashi ɗaya a tsakanin zobban idon ta isa ta tsayar da ɗan injin da ke tura shi, kyamara kuma sai ta kashe kanta don kada injin ya ƙone. A fara da cikakken batiri, a juya idon ƙasa, a hura iska da ƴar robar hura iska a kewayen zobban. Kada a hura da baki saboda damshi, kuma kada a ja idon ko a tura shi da ƙarfi, domin haƙoran da ke juya shi na roba ne.

Ta faɗa ruwa, ko ruwan sama ya jiƙa ta. In gwada kunna ta in gani?

A'a. Wannan ne wuri ɗaya da duk shawarwarin gwaji da aka bayar a sama ba sa aiki. Mai ɗaukar hoto a bakin gulbin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, ko wanda ke cikin kwalekwale a Yauri, abin da zai fara yi idan kyamara ta jiƙe shi ne zare batiri da kati nan take, ba tare da taɓa makunni ba. Ruwan kansa ba shi ne ke saurin kashe kyamara ba, wutar da ke bi ta cikin ruwan ita ce ke ƙona allon na'urorinta na ciki, daga baya kuma tsatsa ta ƙarasa abin da ya rage. Ruwan gulbi ya fi na famfo illa saboda laka da ke zama a ciki bayan ya bushe.

A buɗe duk murafan, a goge waje, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kai ta wurin mai gyara da wuri don a buɗe a wanke cikin. A Kebbi shinkafa ba ta yi wa kowa wuya, shi ya sa shawarar binne kyamara a buhu ke saurin zuwa, amma shinkafa ba ta janye ruwan da ya riga ya shige ciki, kuma garinta yana ƙara datti. Ƴan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalma ko na magani sun fi ta amfani idan aka rufe su tare da kyamarar a mazubi. Shanya ta a rana tsaka ko kanga ta a wuta ɓarna ce a kan ɓarna.

Zafin rana yana da hannu?

Yana da shi. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamarorinsu suna aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, alhali a Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan wuce 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa. Kyamarar da ta yi zafi, musamman wadda ake ɗaukar bidiyon biki da ita, takan kashe kanta ta ƙi dawowa sai ta huce. A cire batirin a bar ta a inuwa. Haka kuma fitar da ita daga ɗaki ko mota mai sanyin na'ura zuwa iskar damina yana sa raɓa ta kwanta a cikinta, don haka a bar ta cikin jaka ta saba da yanayin waje kafin a kunna.

Duk na gwada ba ta kama ba. In kwance ta da kaina?

Ba shawara ba ce. Kyamara mai filasha tana da wata ma'ajiyar wuta a ciki da ke riƙe kusan bolt 300, kuma tana iya riƙe shi ko bayan an cire batiri, ga wayoyin ciki sirara ne masu saurin yagewa. Idan an kai wannan mataki, abin da ake zargi shi ne fis ɗin ciki, ko allon rarraba wuta, ko makunnin kansa, ko babban allon na'urorin ciki, ko kuma manhajar ciki idan batiri ya ƙare ana tsakiyar sabunta ta. A nemi wanda ya saba da kyamara, ba kowane mai gyaran waya ba, ko da hakan na nufin aika ta Kano ko Kaduna. A gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ko faɗuwa ce ko ruwa ko caja, a kuma nemi ya faɗi kuɗin gyara kafin ya fara aiki, domin a ƙaramar tsohuwar kyamara canjin babban allo yana iya kai kuɗin sayen wata ta hannu. A riƙe katin ajiya a gida, a ba shi kyamarar da batirinta da cajarta.