Ma'anar Kalma: "Gurɓacewar Ruwa" da Kifin da ke Mutuwa da Asuba

Tun da aka yi ruwan farko kalmar nan ba ta sauka daga bakin masu labarai ba. Kifi ya mutu a kududdufi, a ce gurɓacewar ruwa. Ya taso a dam ciki sama, a ce gurɓacewar ruwa. Jami'i ya maimaita, sai a rufe maganar kamar an gano dalili, alhali ba a ko fara nema ba.

A Hausarmu, gurɓata ruwa shi ne tayar da lakar da ta kwanta a ƙasansa, kamar yadda shanu ke yi wa tafki in sun shiga shan ruwa. Abu ne da ido ke gani. Amma tarwada tana ƙiba a ruwan laka, kuma ruwa garau kamar na randa yana iya kashe kifi. Yanzu an jibga wa kalmar kaya iri-iri, shi kuwa mai saurare abu ɗaya yake ji: an zuba guba. Daga nan sai a fara kallon maƙwabci. Wannan shi ke ɓata mini rai, don zargi ne mai raba zumunci, kuma sau da yawa ba shi da tushe.

Guba kam akwai. Akwai masu kamun kifi da maganin ƙwari na gamalin, akwai tsiron magimfa da masunta suka daɗe da sani, ga ruwan masana'antun jima da ke gangarawa kogin Challawa na Kano. Sai dai a wurin mai kiwo, abin da ya fi kashe kifi dare ɗaya shi ne ƙarewar iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa. Iskar nan ba ta da yawa tun farko. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 a lita, in ya kai digiri 30 sai ya koma kusan 7 da rabi. Kifi yana son 5 zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 2 ya shiga wahala. Koren gansakukan da ke ruwa yana samar da iskar da rana, da dare kuma shi ma shaƙa yake yi, tare da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci da kashi a ƙasa. Saboda haka iskar tana kai ƙarshen ƙarancinta ne daf da asuba. In ruwan sama mai sanyi ya sauka bayan kwanakin zafi, sai ya juyo da ruwan ƙasa marar iska zuwa sama, ɓarnar ta ƙaru.

Alamar ba ta ɓuya. Kifi ya taru a sama yana haki, manya su riga ƙanana mutuwa, karfasa ta faɗi tarwada tana nan, domin ita tarwada tana iya shaƙar iskar sarari. Guba kuwa ba ta jiran asuba, kuma takan haɗa da kwaɗi da ƙwarin ruwa.

Shi ya sa lokacin awo yake da nauyi kamar awon kansa. Wanda ya zo da azahar ya ɗebi ruwa a gora ya kai ɗakin gwaji washegari, ba ruwan da ya kashe kifin ya auna ba, rana ta riga ta mayar da iskar. Oksijin da zafi da tsamin ruwa a bakin ruwan ake auna su, da sassafe, sama da ƙasa. A haɗa da amoniya, sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, wadda dafinta ke ƙaruwa in ruwa ya yi zafi.

Dubi kogin Oda da ke tsakanin Poland da Jamus. A watan Agustan 2022 an kwashe mataccen kifi fiye da tan 300. Da farko zaiba aka zarga, labarin ya zaga duniya. Da aka ci gaba da awo sai aka ga gishiri ya yi yawa a kogin, ruwa ya ja baya, ga zafi, wani nau'in gansakuka mai son ruwan gishiri ya yaɗu ya saki dafi. Hannun mutum na ciki, don gishirin daga ruwan da masana'antu ke zubarwa ya fito, amma da an tsaya a zargin farko da ba a kai gare shi ba. A tafkin Volta na Ghana kuwa, karfasar da ta yi ta mutuwa a ƙarshen 2018 ƙwayar cuta ce aka samu a jikinta, abin da awon ruwa kaɗai ba zai nuna ba. Don haka ake haɗawa da kifin kansa, wanda ke gargara ko bai daɗe da mutuwa ba, a sa shi cikin ƙanƙara, domin wanda ya kumbura ya fara wari ba ya nuna wa mai gwaji komai.