Ma'anar CJCC: teburin da ke haɗa alƙali, sherif da mai gabatar da ƙara a gundumomin Amurka

CJCC taƙaitaccen suna ne na majalisar daidaita harkokin shari'ar laifuka ta gunduma. Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kuma a yawancinsu babu mutum guda da ke riƙe da linzamin shari'a tun daga kamu har zuwa hukunci. Sherif, babban jami'in tsaro na gunduma wanda gidan waƙafi ke hannunsa, jama'a ne ke zaɓensa. Haka shi ma babban mai gabatar da ƙara. 'Yan sandan birni hukumar birni suke bi, kotu tana ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha, kuɗin ciyar da tsararru kuwa daga asusun gunduma yake fita. Kowa cin gashin kansa yake yi. Majalisar ita ce teburin da waɗannan shugabanni ke zama a kai, galibi sau ɗaya a wata ko bayan wata biyu, tare da lauyan da gwamnati ke biya don kare marasa hali, da shugaban jami'an sa ido kan masu ɗaurin talala, da jami'in lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba ta yanke hukunci, ba ta ba kowa umarni. A jihar Pennsylvania, mai gundumomi 67, CJAB ake kiranta. Tushen irin waɗannan majalisu yana komawa ga dokar tarayya ta 1968 da ta fara ba jihohi da garuruwa kuɗin tsara yaƙi da laifuka.

Abin da ya fi tilasta musu zama shi ne cunkoso. Gidan waƙafi na gunduma daban yake da kurkukun jiha: masu jiran shari'a yake ajiyewa da masu ɗaurin da galibi bai wuce shekara ba, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na mutanen ciki ba a kai ga yanke musu hukunci ba. Lissafin yawansu mai sauƙi ne. A ninka adadin waɗanda ake shigarwa a shekara da matsakaicin kwanakin da suke yi, a raba da 365. Mutum 7,300 a shekara, kowanne kwana 20, zai ba da mutum 400 a kowace rana. A rage kwana biyu kacal, sai a koma 360, gado 40 sun samu ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba. To amma sherif ba shi ke shigarwa ba, ba shi ke sallama ba. 'Yan sanda ne ke kawowa, alƙali ke sa beli, mai gabatar da ƙara da lauyan kariya ke neman ɗage zama. Waɗannan kwana biyun a hannun mutum huɗu suke.

A nan musayar bayanai take shigowa, kuma ginshiƙinta lamba ce, ba kwamfuta ba. Idan an kawo mutum, ana ɗaukar zanen yatsunsa da na'ura a aika rumbun bayanan laifuka na jiha, a dawo da lambar shaida da za ta bi shi har abada. Kamun da aka yi masa a ranar shi ma yana samun tasa lambar, wadda a Pennsylvania ake kira OTN. Dole wannan lambar ta biyu ta bi takardar tuhuma zuwa ofishin mai gabatar da ƙara, ta shiga rajistar kotu, sannan ta koma rumbun jiha ɗauke da sakamakon shari'a. Inda igiyar ta fi tsinkewa shi ne wajen komowar. Idan an ba mutum sammaci ba a ɗauki yatsunsa ba, ko magatakarda ya kuskure lamba ɗaya, sai rumbun ya nuna kamu babu hukunci. Mutumin da kotu ta wanke zai je neman aiki bayan shekaru ya tarar kamun na nan a sunansa. Haɗa bayanai da suna da ranar haihuwa kaɗai kuwa ganganci ne, don masu suna iri ɗaya ba sa ƙirguwa, kuma masu laifi na ba da sunan 'yan uwansu.

Ba a buƙatar kowane ofishi ya watsar da manhajarsa. Abin da ake yi shi ne a yarda da tsarin rubuta saƙo guda, yadda "ranar kamu" a wurin 'yan sanda za ta zama abu ɗaya a wurin kotu. Ma'aikatar shari'a da ta tsaron cikin gida na gwamnatin tarayyar Amurka sun ƙaddamar da irin wannan tsari a 2005 da sunan NIEM. Pennsylvania kuma tana da JNET, ƙofa guda ta intanet da jami'i mai izini ke shiga ya ga hoton lasisin tuƙi, takardun izinin kamu da bayanan kotu, har a turo wa jami'in sa ido sanarwa idan an sake kama wanda ke hannunsa.

Kafin a jona waya ko ɗaya, sai an sa hannu a yarjejeniya: wane bayani, wa zai gani, don me, tsawon wane lokaci za a ajiye, wa zai gyara kuskure. Duk wanda zai taɓa bayanan laifuka na tarayya sai ya bi ƙa'idojin tsaro na CJIS, sashen bayanan laifuka na hukumar FBI, ciki har da binciken zanen yatsun ma'aikata da ajiye tarihin wanda ya buɗe kowane fayil. Bayanan asibiti sun fi tsauri, saboda dokar HIPAA ta 1996, mai kare sirrin majinyata, da wata ƙa'ida ta daban kan masu jinyar shaye-shaye. Shi ya sa gundumomi da yawa ke tura bayanin ta fuska ɗaya: gidan waƙafi ya aika sunayen waɗanda aka shigar yau ga hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa, ita ta duba nata majinyatan ta aiko ma'aikaci, ba tare da ta miƙa fayil ɗin kowa ga 'yan sanda ba.

A ganina, abubuwan da suka fi amfani su ne masu arha. Jerin duk wanda ya wuce kwana 90 ko 180 a tsare, a duba shi suna bayan suna kowane mako. Saƙon tes na tuna ranar kotu, wanda wani bincike a birnin New York ya nuna ya rage ƙin halarta da kusan kashi ɗaya cikin biyar a ƙananan laifuka.

Manyan manhajoji su ne ke zuwa da manyan matsaloli. A 2016 kotun gundumar Alameda ta jihar California ta koma sabuwar manhajar ajiye bayanan shari'u mai suna Odyssey, shigar da bayanai ya yi wa magatakarda yawa, aka riƙa kama mutane da izinin kamun da aka riga aka soke, wasu suka wuce ranar sallamarsu a tsare. A shekarar ce kuma binciken ProPublica kan manhajar COMPAS, mai hasashen yiwuwar mutum ya sake aikata laifi, a gundumar Broward ta Florida ya nuna ta fi yi wa baƙaƙen fata kuskuren sanya su cikin masu haɗari. Majalisar CJCC kanta na iya mutuwa a hankali: shugabanni su fara aiko mataimakan da ba su iya cewa e ko a'a, ko a rasa ma'aikaci na dindindin mai nazarin alƙaluma, taro ya koma shan shayi.

Mai karatu a Najeriya zai ga kama da kwamitin sa ido da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta kafa a sashe na 469. Sashe na 34 ya ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, sashe na 111 kuma ya wajabta wa shugaban gidajen yari miƙa sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jiran shari'a duk bayan kwana 90.