Duwatsun Wata da Yadda Ɓawonsa Ya Samu

Duwatsun wata su ne samfurin dutse da ƙasa da aka ɗebo daga saman wata aka kawo duniya don bincike. Amurka ce ta fi kowa kwasowa, kilo 382 a tafiyoyin Apollo guda shida tsakanin 1969 da 1972. Tarayyar Sobiyet ta samu kamar giram 300 da kumbonta marasa matuƙi masu suna Luna, sai China da ta aika kumbon Chang'e 5 a 2020 da Chang'e 6 a 2024, shi wannan na ƙarshen ma daga bayan watan ya ɗebo, gefen da ba ma gani.

In ka ɗaga kai ka kalli wata za ka ga wuri mai duhu da wuri mai haske. Mai duhun basalt ne, narkakken dutse da ya malalo ya daskare, cike da ƙarfe, wani har da titaniyam. Mai hasken shi ne asalin ɓawon, dutsen anortosait, kusan dukkansa ma'adini ɗaya ne, plagiyokiles, mai yawan kalsiyam da alminiyam.

To a nan maganar take: ta yaya wannan ɓawon ya samu? A cikin ƙasar da Apollo 11 ya kawo an tsinci wasu 'yan fararen ɓurɓushi na anortosait, kuma a 1970 masanin kimiyya John Wood da abokan aikinsa suka ce abin da zai tara wannan ma'adinin haka shi ne a ce a farko saman wata gaba ɗaya teku ne na narkakken dutse, da ya fara hucewa sai ma'adinai masu nauyi irin olibin da pairoksin suka nutse ƙasa, plagiyokiles kuwa da yake ba shi da nauyi ya taso yana yawo a sama kamar ƙanƙara a kan ruwa har ya haɗe ya zama ɓawo. Ragowar da ya daskare a ƙarshe shi ake kira KREEP, sunan da aka haɗa daga haruffan abubuwan da suka yi yawa a cikinsa: potasiyam (K), wasu sinadarai masu wuyar samu (REE) da fosforas (P).

Hujjar da ta fi ƙarfafa wannan bayanin a ganina ita ce ta wani sinadari mai suna yurofiyam. Plagiyokiles yana jan wannan sinadarin sosai, shi ya sa ya yi yawa a duwatsun ɓawo, a basalt ɗin da ya fito daga can ciki kuma ya yi ƙaranci, ka ga tun kafin duwatsun can ciki su narke su zama basalt, plagiyokiles ya riga ya kwashe musu shi. Basalt na Apollo ya haura shekara biliyan 3, na Chang'e 5 kuwa kusan biliyan 2 ne, wato cikin wata ya daɗe da zafi fiye da yadda aka zata.