Nitakat: Yadda launin kamfani ke shafar ikamar matashi a Saudiyya

Duk wanda ya san kasuwannin waya na Jidda da Makka kafin 2016 zai tuna yadda yaranmu suke cika su, wasu na gyara, wasu na sayar da caja. A waccan shekarar Ma'aikatar Ƙwadago ta mayar da sayar da waya da gyaranta hannun 'yan ƙasa, rabi daga watan Yuni, gaba ɗaya daga Satumba. Matasan da aka haifa a unguwar Shara Mansur ta Makka, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, suka wayi gari ba su da ikon tsayawa a bayan kanta. Wannan shi ake kira Sa'uda, wato bai wa ɗan ƙasa fifiko a wajen aiki, kuma ma'aunin da ake aiwatar da ita shi ne Nitakat.

An ƙaddamar da Nitakat a 2011. Kalmar na nufin rukunoni. Gwamnati na duba kowane kamfani mai zaman kansa, ta lissafa 'yan Saudiyya nawa ne cikin ma'aikatansa, sai ta ba shi launi gwargwadon irin harkarsa da yawan mutanensa. Kason da ake nema a wurin banki ya fi wanda ake nema a wurin kamfanin gine-gine nesa ba kusa ba. Na sama shi ne Balatini, sai Kore mai hawa uku, sai Ja a can ƙasa. Da akwai Rawaya a tsakani, amma an soke shi, tun farkon 2020 kamfanonin da ke ciki suka faɗa Ja.

A nan ne zancen ya shafe ka, ɗan'uwa. Kamfanin da ya faɗa Ja ba ya samun sababbin biza, ba ya karɓar ma'aikaci daga wani wuri, ba ya canza wa kowa sana'ar da ke rubuce a ikama, wato takardar izinin zama, kuma ba ya iya sabunta lasisin aikin baƙin da ke ƙarƙashinsa. Lasisin aiki kuwa shi ne mabuɗin sabunta ikama. Sai ka ga mutum yana zuwa aiki kullum, bai taɓa saɓa wa kowa ba, amma takardunsa sun mutu saboda kafilinsa, wato mai aikin da ikamarsa ke ƙarƙashinsa, bai ɗauki isassun 'yan ƙasa ba. Dokar ta bar masa ƙofa: wanda lasisinsa ko ikamarsa ta ƙare ba a sabunta ba yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar kafili ba. Gyaran da ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021 ya ƙara faɗaɗa ƙofar, har da wanda aka hana albashin wata uku a jere, kuma ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ake yin canjin kamfanin. Sai dai gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, inda 'yan'uwanmu mata da maza suke da yawa.

Ni dai ban ga laifin ƙasa don ta fara da 'ya'yanta ba. Shirin Hangen 2030 da aka bayyana a Afrilun 2016 ya ɗaura aniyar rage rashin aikin yi daga kashi 11.6 zuwa kashi 7 cikin ɗari, kuma domin kada a riƙa rubuta sunayen mutane a takarda kawai, sai ɗan ƙasa yana karɓar aƙalla riyal 4,000 a wata ake lissafa shi cikakken mutum ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yaron da kakansa ya zo aikin Hajji ta Sudan a ƙafa, aka haifi ubansa a Makka, aka haife shi a Makka, amma a lissafin Nitakat daidai yake da wanda ya sauka a filin jirgin Jidda jiya. Haihuwa a Saudiyya ba ta ba da ɗan ƙasanci. Wanda ya sami sassauci shi ne ɗan da mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, domin shi ana lissafa shi cikin kason 'yan Saudiyya ko da ubansa baƙo ne. Gidaje da dama suna da wannan haƙƙi ba su neme shi ba.

Idan hanya ta toshe, wasu kan buɗe shago da sunan ɗan ƙasa alhali dukiyar tasu ce. Sunan wannan tasattur, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, sannan a kori baƙon. Haka yin aiki wurin wanda ba shi ne mai ikamarka ba, dokar ƙwadago ta haramta shi.

Kafin ka amince da komawa wani kamfani, tambayi launinsa, kuma kada ka tsaya ga maganar baki. Wanda yake aiki a kamfanin yana iya dubawa a shafin ma'aikatar da lambar ikamarsa. Duba kuma ko sana'ar da za a rubuta maka tana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa, domin jerin yana ƙaruwa kusan kowace shekara, sannan ka karanta kwantiragin da aka tura maka a Qiwa layi bayan layi kafin ka danna amincewa.